Sharhi Kan Shayar da Injin Jirgin Sama Ruwa da Sifirit

Duk wanda ya zauna a karkarar arewacin Kano, tun daga Ungogo da Minjibir har zuwa Bichi da Ɗambatta da Makoɗa, inda gona ke manne da gona, gari kuma ke hango gari, ya san jirgin sama ba baƙo ba ne a wannan sarari, gama tun ranar 1 ga Nuwamba 1925, a zamanin Sarkin Kano Usman, sa'ad da jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar a ƙarƙashin Arthur Coningham suka sauka Kano, manoman wannan yanki ba su daina ɗaga kai daga kan fartanya suna duban abin da ke wucewa ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu jirage fiye da 5,000 aka harhaɗa a Takoradi aka bi da su ta wannan hanya, ta Kano da Maiduguri, zuwa Hartum da Alƙahira. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ce daga cikin 'ya'yan waɗannan manoma, waɗanda suka tashi suna kwance injin ban-ruwa suna mayarwa a bakin madatsar Tomas ko ta Watari, a samu wanda himmarsa ta kai shi ga neman ƙera jirgi da hannunsa. An riga an samu. A shekarar 2007 jaridun duniya sun ɗauki labarin wani ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen ƙarafa da injin motar Honda mai ƙarfin doki 133, wanda bai ɗaga sama da ƙafa bakwai ba, amma dai ya ɗaga. Kafin wannan kuma, a Kaduna, kamfanin AIEP ya harhaɗa wa sojan saman Nijeriya jirgin koyo mai suna Air Beetle, wajen guda 60, alhali asalin zanensa na wani jirgin Amurka ne da ake kira RV-6A, wanda mutane ke sayen sassansa su haɗa a gidajensu.

Mas'alar da nake son warwarewa ga irin waɗannan ma'abota himma guda ce daga cikin mas'alolin wannan sana'a, wato ko ya dace maƙerin ƙaramin jirgi mai injin fistan ya ƙara masa na'urar da ke fesa ruwa gauraye da sifirit a cikin iskar da injin ke shaƙa, kuma idan ya dace, bisa waɗanne sharuɗɗa. Na zaɓe ta ne saboda zafin ƙasarmu da irin man da ke hannunmu sun sa ta fi shafar mu fiye da Turawan da suka ƙirƙiro ta, kuma saboda akwai wani kuskuren fahimta a cikinta da zai iya kashe mutum.

Sai mu fara da illar da ake neman magani. Fistan yana matse fetur da iska a cikin silinda, fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta tashi daga wurin tartsatsin ta bazu a hankali bisa tsari har ta cinye abin da ke ciki, tana tura fistan ƙasa. Wannan shi ne ƙuna na lafiya. Amma idan matsi ya yi yawa, ko iskar da ta shigo ta yi zafi, ko kan silinda ya riga ya ɗau zafi fiye da kima, ko kuwa man ba mai haƙuri ba ne, to ragowar cakuɗen da wutar ba ta kai gare shi ba tukuna sai ya gaza jira, ya fashe da kansa gaba ɗaya, bugun fashewar ya riƙa dukan kan fistan da bangon silinda. Direbobi sun san wannan ƙwanƙwasa a tsohuwar mota mai hawan tudu da lodi. A mota, kunne yana ji, ƙafa ta sassauta totur, a tsira. A jirgi kuwa, ƙarar farfela da ta salansa sun rufe kome, matuƙi ba ya jin abin da ke faruwa har sai fistan ya huje ko zobensa ya karye, kuma galibi hakan kan auku ne a daidai lokacin tashi, sa'ad da aka buɗe totur har ƙarshe, jirgi bai yi nisa da ƙasa ba, gudunsa bai kai yadda iska za ta sanyaya injin sosai ba.

Haƙurin mai da wannan matsi shi ake aunawa da lambar oktan. Man jirgi na musamman, wanda ake kira 100LL, yana da haƙuri ƙwarai, amma yana da tsada, kuma ba a gidan mai na Bichi ko na Ɗambatta ake samunsa ba. Fetur ɗin mota na Nijeriya kuwa mizaninsa 91 ne. A nan akwai tarko, domin injin Lycoming O-360 mai ƙarfin doki 180, irin wanda ke kan Air Beetle, an rubuta masa man jirgi mai lamba 91 shi ma, sai mai gaggawa ya ce ai sun yi daidai. Alhali ma'aunin ba ɗaya ba ne, gwajin man jirgi ya fi tsanani, fetur ɗin da ya ci 91 a ma'aunin gidan mai ba zai wuce 82 ko 83 ba idan aka ɗora shi a kan ma'aunin da ya yi kusa da na jirgi. Wannan giɓi na maki takwas ko tara shi ne ainihin wurin da ruwa ke shigowa.

Hikimar ruwan kuwa kowace uwargida a ƙauyukanmu ta san asalinta, gama randar ƙasa tana sanyaya ruwan sha ne saboda gumin da ke tsattsafowa a jikinta yana bushewa yana tafiya da zafi. Kilo ɗaya na ruwa, kafin ya zama tururi, sai ya haɗiye zafin da ya kai kilojul 2,257, alhali kilo ɗaya na fetur ba ya haɗiye fiye da kimanin 350, wato ruwa ya ninka shi wajen sau shida. Idan aka fesa ruwan ya zama kamar hazo a cikin iskar da ke shiga inji, yana zama tururi a hanya da kuma cikin silinda lokacin matsi, ya rage zafin cakuɗen, ya kuma sassauta ƙunar, sai ragowar cakuɗen ya samu damar jira har wutar fulogi ta iso gare shi. Ba ya ƙonewa, ba ya ba da ƙarfi da kansa. Aikinsa hana fashewa ne kurum.

Abin da ya kamata ya faranta ran manomi shi ne, wannan dabara a gona ta fara yin suna tun kafin ta hau sama. Tarakta mai suna Rumely OilPull, wadda aka fara sayarwa a Amurka a 1910, kananzir take sha saboda arha, kananzir kuwa ba shi da haƙurin matsi, don haka aka yi wa kafiretarta hanyar da take jawo ruwa tare da shi idan garma ta nutse aiki ya yi nauyi. Tsofaffin taraktocin John Deere masu silinda biyu su ma sun yi haka. Daga baya yaƙi ya ɗauki dabarar ya kai ta ƙololuwa. Amurkawa sun sa ta a injin Pratt & Whitney R-2800 na jirgin P-47 a 1943, ƙarfinsa ya tashi daga doki 2,000 zuwa 2,300 na 'yan mintuna. Jamusawa kuma sun yi nasu haɗin mai suna MW 50, rabi metanol, kusan rabi ruwa, da ɗan mai kaɗan na hana tsatsa, suka sa wa Messerschmitt 109 a 1944, bisa ƙa'idar kada a wuce minti goma a jere. Bayan yaƙi manyan jiragen fasinja masu injin fistan suka gaje ta don tashi da lodi, har jiragen Fokker F27 da kamfanin jiragen saman Nijeriya ya fara karɓa a 1963, ko da yake nasu injin ba na fistan ba ne, suna ɗauke da ruwa da metanol don tashi a rana mai zafi.

To, daga waɗannan labarai ne kuskuren ke fitowa. Saurayi ya karanta cewa ruwa ya ƙara wa P-47 doki 300, sai ya yi kiyasi ya ce shi ma injinsa zai ƙaru da kashi 15 cikin ɗari. Kiyasin ɓatacce ne, domin illar da ta sa hukuncin ba ta cikin injinsa. Waɗancan injuna suna da famfo mai cusa musu iska da ƙarfi, kuma abin da ke hana a ƙara cusawar shi ne tsoron ƙwanƙwasa. Da ruwa ya kawar da tsoron, sai aka ƙara iska, aka samu ƙarfi. Har wa yau, a lokacin tashi ana ba su fetur fiye da bukatar ƙuna don rarar ta sanyaya silinda, rarar kuwa tana rage ƙarfi. Idan ruwa ya karɓi aikin sanyayawa sai a janye rarar, ƙarfin da ta danne ya dawo. Injin da ke shaƙar iska da kansa ba tare da famfo ba, irin na galibin ƙananan jirage da na motocin da ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa, ba shi da wani ƙarin iska da zai samu, in ban da ɗan abin da sanyayar iskar ke kawowa, wanda tururin da ya cinye gurbin iska kan mayar da shi kusan babu.

Wannan yana da muhimmanci a gare mu ta wata fuska. Filin jirgin Malam Aminu Kano yana bisa tudun da ya kai mita 476 daga gaɓar teku. A watan Afrilu, idan zafi ya kai digiri 40, iska takan yi sakayau har jirgi ya ji kamar yana kan dutse mai tsawon mita 1,500, inji ya rasa kusan kashi 15 cikin ɗari na ƙarfinsa, farfela da fiffike su ma su rage kama iska. Ruwa ba zai mayar wa injin da ba shi da famfo wannan asara ba. Maganinta rage lodi, da doguwar hanyar tashi, da tashi da sassafe. Fa'idar ruwa ta gaskiya ga maƙerinmu ita ce ya ba shi damar shan fetur ɗin mota a injin da matsinsa ya fi ƙarfin wannan fetur, a cikin mintuna uku zuwa biyar na tashi da hawa, waɗanda su ne mintunan hatsari. A Amurka an riga an amince da na'ura irin wannan ga wasu jiragen Beechcraft Baron da Cessna 210, wadda kamfanin Air Plains na jihar Kansas ke sayarwa, tana buɗewa da kanta idan an buɗe totur sosai ko zafin kan silinda ya haura digiri 204, kuma manufarta ke nan, a sha mai mai arha ba tare da ƙwanƙwasa ba.

Sassan na'urar ba su da yawa, kuma duk bakaniken da ya iya gyaran injin feshin maganin ƙwari zai gane su: tanki, da matata, da famfon lantarki mai matsi, da bawul mai buɗewa da lantarki, da bakin feshi mai fitar da hazo, da makunnin da ke lura da buɗewar totur. Yawan ruwan da ake bukata yakan kama daga sulusi zuwa rabin nauyin fetur ɗin da inji ke sha. Inji mai doki 180 yana shan kusan lita ɗaya a minti idan an buɗe shi duka, saboda haka ruwan ba zai wuce kimanin sulusin lita a minti ba, tankin lita takwas zai ishi tashi uku ko huɗu. Wahalar tana cikin ƙananan abubuwa. Idan hazon bai yi laushi ba, ko aka sa bakin feshi a inda iska ke karkata, silinda ɗaya za ta sha ta ƙoshi wata ta zauna da ƙishi, kuma mai ƙishin ita za ta ƙone. Idan tanki ya fi bakin feshi tudu kuma bawul ya yi yoyo da dare, ruwa zai taru a cikin silinda, da safe a murza inji fistan ya tarar da abin da ba ya matsuwa, sandarsa ta lanƙwashe. Ruwan rijiya da na burtsatse ba su da amfani a nan, domin gishirin da ke cikinsu zai toshe bakin feshi ya bar ɓawo a kan bawul. Sai tataccen ruwa, irin wanda ake zuba wa batir. Ƙurar hunturu kuma tana shiga ta ƙofar numfashin tanki, don haka ita ma ƙofar sai an sa mata matata.

Amma babban sharaɗi, wanda in babu shi gara a bar aikin tun farko, shi ne abin da zai faru idan ruwa ya yanke ana tsakiyar tashi. Injiniyoyin manyan injunan zamanin da sun ba wannan dukan hankalinsu. Sun ɗaura janye rarar fetur da ƙarin iska a kan matsin ruwan kansa, ta yadda da zarar matsin ya faɗi, ko tanki ya ƙare ko famfo ya mutu, inji zai koma halinsa na farko da kansa ba tare da jiran matuƙi ba. Maƙerin gida wanda ya dogara da ruwa don ya sha man da injinsa ba zai iya sha ba in babu ruwan, ya rataya ransa ne a kan famfo da fis da 'yar waya. Wajibi ne ya sa ma'aunin da ke nuna ruwa yana gudana haƙiƙatan, domin fitilar da ke nuna an ba famfo wuta ba ta shaidar kome idan bakin feshi a toshe yake. Wajibi ne ya sa ma'aunin zafi a kan kowace silinda. Kuma wajibi ne ya san tun yana ƙasa iyakar totur ɗin da injin zai jure ba ruwa, ya tabbata jirgin zai iya ci gaba da hawa a wannan iyaka. Na nanata haka ne saboda yanayin ƙasarmu. Wanda injinsa ya mutu a sararin makiyayar Amurka yana da fili iya ganinsa. A tsakanin Dawakin Tofa da Bagwai kuwa gonaki ƙanana ne, an yi musu kunya-kunya, kowace da gawonta da ɗorawarta da tsamiyarta, ga kukoki, ga shingen gidaje, ga yara a kan hanya, babu inda jirgi zai faɗo bai taɓa haƙƙin wani ba.

Saura batun sifirit, wanda a Kano ba ya rabuwa da tambayar shari'a. Turawa sun gauraya shi da ruwan ne da dalilai uku. Na farko kuma mafi girma, kada ruwan ya daskare a sanyin ƙasarsu da na can sama, gama haɗin rabi da rabi yana jure sanyi har wajen digiri 40 ƙasa da sifiri. Na biyu, sifirit ya fi ruwa saurin zama tururi, yana taimaka wa hazon ya rabu daidai tsakanin silindu. Na uku, shi kansa mai ne mai haƙurin matsi ƙwarai, yana ƙonewa ya cike gurbin abin da ruwa ya danne. Dalili na farko bai shafe mu sosai ba, domin ƙaramin jirgin da zai tashi daga ƙasar Kano ya yi shawagi a ƙafa dubu uku ko biyar ba zai gamu da ƙanƙara a tankinsa ba ko a tsakiyar hunturu. Sauran biyun suna nan, amma ruwa zalla shi ma yana hana ƙwanƙwasa, kuma a ganina da shi ya kamata mai gwaji a nan ya fara, ya ƙara sifirit kaɗan kaɗan in awo ya nuna bukata.

Ta fuskar fiƙihu, mashhurin mazhabar Malikiyya shi ne giya najasa ce, ko da yake an ruwaito daga Rabi'atu, malamin Imamu Malik, da Laisu ɗan Sa'adu, cewa haramcin shanta bai mai da jikinta najasa ba, kuma a kan wannan saɓani ne malaman zamani suka gina maganarsu game da sifirit na asibiti da na turare. Fatawa tasu ce, su ya kamata a tambaya. Abin da ya rataya a wuyan mai sana'a shi ne ya kai musu sura ta gaskiya, wato akwai iri biyu. Etanol shi ne mai sa maye a cikin giya. Metanol, wanda aka fi amfani da shi a wannan aiki, guba ce tsantsa, kaɗan daga cikinta yana makantarwa, ƙari kaɗan ya kashe, kamar yadda ya faru a Irele ta jihar Ondo a 2015 ga mutanen da suka sha barasar gargajiya da ta gurɓata. Tana shiga ta fata, tururinta yana cutarwa a ɗaki rufaffe, wutarta kuma da ƙyar ake ganinta da rana. A gidan da yara ke ɗaukar kowace jarka su kai baki, ajiye ta amana ce mai nauyi. Ga inji ma ba ta da sauƙi, domin tana cin alminiyam da wasu nau'o'in roba. Masu motoci a Nijeriya sun ɗanɗana haka a Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai metanol fiye da kima, injuna suka lalace, aka janye man, layuka suka cika gidajen mai. Tanki da bututun wannan na'ura sai dai na roba mai jurewa ko ƙarfen da ba ya tsatsa.

Akwai kuma illar fetur ɗin mota da ruwa ba ya warkarwa ko kaɗan. Fetur ɗin mota ya fi man jirgi saurin tafasa, a ranar bazara yakan zama tururi a cikin bututu kusa da inji mai zafi, famfo ya jawo iska, inji ya ɗauke. Maganin wannan yana wajen tsara bututu da nisanta su daga zafi da sa famfo kusa da tanki. Haka nan fetur ɗin jarka na bakin hanya, wanda ba a san abin da aka gauraya masa ba, ba shi da lambar da za a yi lissafi a kanta. Shi ya sa nake ganin hanya mafi aminci ga mafi yawan maƙeranmu ita ce zaɓen inji mai sauƙin matsi tun farko, kamar Rotax 912 mai doki 80, wanda maƙeransa suka yarda masa fetur mai lamba 90, a bar ƙanensa mai doki 100 wanda ke neman 95. Wanda ya yi haka ya huta da tanki na biyu da nauyinsa da fargabarsa. Ruwa na wanda ya riga ya mallaki inji mai matsi ne, ko ya sa masa famfon iska, ba shi kuma da hanyar samun man jirgi.

Shi wannan, kafin ya kai maganarsa gaban Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, wadda ba a tashi da jirgi sai da izininta, ko ya nemi shawarar injiniyoyin kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya da aka kafa a 1964, yana da aikin watanni a ƙasa. Ya fara da injin ban-ruwa ko janareta, ya koyi yadda hazo ke fita da yadda ma'aunin zafi ke amsawa. Sa'an nan ya ɗaure wutsiyar jirginsa da igiya mai ƙarfi, ya nisanta mutane daga farfela, ya zaɓi azahar ɗin watan Afrilu, ya buɗe totur duka da ruwa yana gudana, yana rubuta zafin kowace silinda minti bayan minti. Daga nan ya kashe famfon ruwan da gangan, ya ga cikin daƙiƙa nawa alamar gargaɗi ta bayyana, cikin daƙiƙa nawa zafi ya fara hawa, ya ja totur baya zuwa iyakar da ya ƙayyade. In inji ya huce ya kwance fulogai ya duba su a hasken rana, domin ɗigo-ɗigon alminiyam a kan farin fulogi shaida ce cewa fistan ya fara narkewa, kuma wannan inji sai an buɗe shi kafin a sake murza shi.